Fitilar gida daga tarkace: inda muke kwafsawa da yadda za a gyara

Ranar da na fara haɗa fitila da hannuna ina ji da kaina sosai. Faifan CD na samu, na huda shi da ƙusa mai zafi, na jera ƙananan ƙwayayen LED goma sha biyu da na ciro daga matattun tociloli, sannan na ɗauko batirin mashin ɗin yayana na jona kai tsaye. Haske ya yi wal sau ɗaya kamar walƙiya, sai wani wari, shikenan duk sun tafi. Washegari na kwashi kayan a leda na kai wa wani dattijo mai gyaran rediyo a wajen kasuwar Wunti, ya juya faifan ya kalle ni ta saman tabarau ya ce "ɗana, ina rasistan?" Na ce "Baba, wanne ne kuma rasista?" Dariya ya yi har da tari, sannan ya jawo min benci.

To daga nan zan fara, don shi ne kuskuren da kusan kowa ke yi. Farin ƙwan LED ƙarami, irin mai ƙafa biyun nan, volt 3 zuwa 3.3 yake so, kuma abin da zai iya sha bai wuce miliamp 20 ba. Matsalarsa shi bai san ya ƙoshi ba, ko nawa ka ba shi zai zuƙa har ya ƙone kansa. Batirin mashin volt 12 ne, ka ga ninki huɗu kenan na ba su. Rasista shi ne ɗan abin nan mai zane-zanen kala da ke cikin kowace tsohuwar rediyo, aikinsa ya rage wutar. Lissafin ba wuya, ka cire abin da ƙwan ke so daga abin da batir ke bayarwa, ka raba da 0.02, wato miliamp 20 ɗin nan in an mayar da shi amp. In cajar waya ce ko fawa bank mai volt 5, saura 2, sai ya ba ka rasista mai om 100 (om shi ne ma'auninsa), wato mai zanen ruwan ƙasa, baƙi, ruwan ƙasa. In volt 12 ne sai ka jera ƙwai uku a layi ɗaya, ƙafar wannan ta kama ta wancan, ka sa musu om 150. Wasu za su ce ai fitilun faifan CD da muke gani a teburin mai shayi da masu tsire ba rasista a jikinsu kuma suna ci. Gaskiya ne, amma su da manyan batiran rediyo guda uku suke aiki, volt 4.5, kuma irin wannan batirin da kansa yake rage ƙarfi in an ja shi. Duk da haka lura da kyau, bayan ɗan lokaci za ka ga rabin ƙwayayen sun dushe wasu suna ƙyafta ido. Kuma ƙafa mai tsawo ita ce fositif, in ka juya ba zai kama ba, mutane da yawa sun zubar da ƙwai lafiyayye saboda wannan kawai.

Amma inda na fi so mu daɗe shi ne batir, don nan kuɗin yake kuma nan haɗarin yake. Mutum zai ɓata kwana biyu yana yi wa gwangwani ado da fenti, batirin kuwa ko wanne ya samu a wurin 'yan gwangwan sai ya cusa.

Yanzu abin da ake yayi shi ne fasa tsohon batirin laptop a ciro 'yan dogayen nan da ake kira 18650, yawanci guda shida ake samu a ciki. Suna da kyau wallahi, ni ma da su nake aiki. Kowanne volt 3.7 ne, in ya cika ya kai 4.2. Sai dai batirin laptop ba ya mutuwa a banza, akwai ɗaya ko biyu a ciki da suka lalace, kuma da ido ba za ka gane ba. Dole sai da mita, na'urar auna volt. Wanda ka auna ka ga ya yi ƙasa da 2.5 ka ajiye shi gefe, kar ka ce bari in tashe shi da caja, irinsu ne ke zafi suna kumbura. Sauran ka caja su su cika, ka rubuta lamba a jikinsu ka bar su sati ɗaya ko biyu, ka sake aunawa, wanda ya sauko ƙasa da 4 shi kaɗai ba a taɓa shi ba to yana yoyo, bai da amfani. Na san jiran na da ban haushi musamman in ana cikin duhu, amma gara haka. Wanda rigarsa ta yage har ƙarfe ya fito shi ma sai an sake masa riga ko a naɗe da tef, saboda duk jikin gwangwanin nan negatif ne, kuma a wajen kai tazarar da ke tsakaninsa da fositif kaɗan ce ƙwarai. Ni na taɓa jefa ɗaya a aljihu tare da makullai, ban kai bakin titi ba na ji cinyata na zafi, da ƙyar na zaro shi na wurgar.

Sai caji. Kuskuren da na fi gani shi ne a yanke kan wayar caja a manna ja da baƙi kai tsaye a jikin batirin. Caja volt 5 take bayarwa, batirin kuma iyakarsa 4.2, ba abin da zai ce mata tsaya. Wannan shi ke kawo gobara, kuma wutar lithium ba ta jin lallashi. Akwai ɗan allo ƙarami kamar ɗan yatsa mai suna TP4056, masu sayar da kayan gyaran waya da na lantarki suna da shi kuma ba tsada, shi ke yanke caji in ya kai 4.2, jar wuta na ci, in ta koma shuɗiya ko koriya ya cika. Ka nemi mai kariya, wanda ke da wurin jona batir daban da wurin fitar wuta daban, B da OUT za ka gani a rubuce, don shi ne zai kashe fitilar kafin batirin ya zuƙe gaba ɗaya. In ba ka samu ba, allon tsohon fawa bank ma yana yin aikin. Kar a sa ayan ɗin dalma a kan batirin a daɗe ana gasa shi, a nemi gidan batir mai sifirin. In za ka haɗa biyu ko uku gefe da gefe don su daɗe, ka tabbata awonsu ya zo ɗaya kafin ka haɗa, in ba haka ba mai ƙarfin zai juye wa raunanan wuta da gudu waya ta yi zafi. Sannan don Allah a daina caji a kan katifa ko ƙarƙashin filo, a daina barin shi a taga rana na dukansa, kun san zafin Bauchi a watan Maris da Afrilu ba wasa ba ne. A kan siminti, nesa da labule.

Masu batirin mashin ko na tsohuwar UPS, na'urar nan da ke riƙe wa kwamfuta wuta in an ɗauke, nasu kuskuren daban ne. Irin wannan batirin ba ya son a shanye shi tas, rabi ake sha a mayar masa, in mita ta nuna wajen 12.0 to ya isa haka. Mutane kuma sai fitila ta dushe sosai suke kashewa, bayan wata biyu su ce an sayar musu da jabu. Ga kuma haɗama, a sayo tef ɗin LED mai mita biyar a zagaye ɗaki da shi kamar gidan biki. Mai manyan ƙwai ɗin nan, 5050, yana cin wat 14.4 a kowace mita, mita biyar wat 72 kenan, amp 6, batir mai 7Ah, wato wanda a lissafi zai ba da amp 7 na awa ɗaya, ba zai yi maka fiye da rabin awa da ɗan wani abu ba in kana son ya yi rai. Amma mita ɗaya ta ƙaramin, 3528, wat 4.8 ce kawai, za ta kai ka wajen awa takwas kuma ta ishi yara karatu. Ana yanka tef ɗin ne a kan layin da aka zana bayan kowane ƙwai uku, ba inda almakashi ya faɗa ba. Fiyus kuma dole, ɗan ƙaramin na mota mai amp 2 ko 3 a kan jar waya kusa da batir, saboda batirin nan in wayoyinsa suka haɗu zai narkar da su nan take. Wanda ya samu ɗan fanel na sola kar ya jona kai tsaye, fanel da aka rubuta wa 12 yana fitar da wajen 18 har sama da 20 in ba kaya a kansa, sai da kwantirola mai daidaita caji a tsakani. Da hunturu kuma a riƙa goge ƙura, wani sai ya yi ta zagin batir alhali fanel ɗin ne ya yi futu-futu.

Matattun ƙwayayen LED na silin su ma ana tsinta, kuma akwai alheri a ciki. In ka ɓalle farar hular za ka ga ƙananan ƙwai rawaya a jere a kan faranti, sau da yawa ɗaya ne ya ƙone, za ka ga ɗigon baƙi a kansa, da yake a layi ɗaya suke sai duk suka ɗauke. Abu biyu ake kwafsawa a nan. Na farko mutum ya gwada su da batirin 3.7 ya ga ba su kama ba ya ce sun mutu, alhali da yawansu kowane ɗaya volt 6 ko 9 ko ma 18 yake so. Na biyu a ɓamɓare su daga farantin alminiyom a manna a kwali, farantin nan shi ke kwashe zafi, in babu shi kwanansu kaɗan ne. Ita kuwa hular kar a yar, ta fi komai daɗin tace haske.

Abin da ba na goyon baya ko kaɗan shi ne wasa da wutar gida. Wutar soket volt 230 ce. Na ga wanda ya ciro allon cikin ƙwan ya sa a gwangwanin madara ya jona a soket da waya tsirara an naɗe da ledar burodi, a gidan da yara ke rarrafe. Yawancin allunan nan ba su raba wutar soket da ƙwayayen ba, taɓa farantin daidai yake da sa yatsa a soket, kuma kafasitan ciki, ɗan abin da ke tara wuta, yana riƙe ta ko bayan an zare. In dai ba aikinka ba ne, tsaya a volt 12 zuwa ƙasa, ko ka yi kuskure wutar ba za ta kama ka kamar ta soket ba. Dogon ƙwai da mai murɗe ɗin nan na da kuwa kar a fasa su neman kaya, akwai sinadarin makyuri a ciki.

Gidan fitilar ba sai na ja magana ba. Gwangwani ƙarfe ne, in ƙafafun ƙwai suka taɓa shi sun haɗe, a shimfiɗa roba ko kwali a ciki tukuna. Ƙwai tsirara yana kashe ido, goggona ta ce min "kai ɗan nan ɗauke min wannan abu, kamar mashin ya hasko ni", sai da na kifa masa gindin farar jarka sannan ta yarda ya kwana a ɗakinta. Farar roba mai hazo ta fi gora mai garau. A rataye sama da kai, ba a ajiye a ƙasa ba. Na tsakar gida kuma in da hali a sa mai ruwan ɗorawa, farin nan mai shuɗi-shuɗi ya fi tara ƙwari, da damina in shinge suka fito za ka gane.

Akwai kuma fitilar gorar ruwa da ake ta yaɗawa a bidiyo. Wani makanike ɗan Brazil, Alfredo Moser, shi ya fito da ita a 2002, daga baya aka yaɗa ta sosai a Filifin daga 2011. Gora ce mai lita ɗaya da rabi ko biyu a cika da ruwa mai tsabta, a huda kwanon rufi a zura ta, kashi ɗaya cikin uku a waje sauran a ciki, rana ta bugi ruwan ya watsa haske kamar ƙwan wat 40 zuwa 60 na da. Abin da masu bidiyon ba sa faɗa da ƙarfi shi ne da rana kawai take yi, magariba na yi ta tafi, kuma ɗaki mai silin ba ta da amfani a ciki. Ta kicin ce da shago da banɗaki da sito, wuraren da ke da duhu ko da azahar. In ba a zuba murfi biyu na bilic ba ruwan zai yi kore da gansakuka cikin 'yan makonni. Murfin gorar rana na cinye shi ya tsage, a rufe shi da gam ko guntun tiyub. Wajen hudar kuma a fara zura gorar a wani guntun kwano a liƙe da gam mai kyau irin silikon, sannan a ɗora guntun a kan rufin a liƙe gefe da gefe, in aka yi aikin gaggawa ruwan Agusta zai tona asiri. In gidan haya kake ka tambayi mai gida kafin ka hau sama da almakashi.

Masu aci-bal-bal na gwangwani har yanzu suna nan a ƙauyuka da bakin kasuwa. Kananzir kaɗai, ba a haɗa shi da fetur ko ɗigo, ba a ƙara mai tana ci, kuma ba a kwana da ita a ɗaki a rufe kusa da gidan sauro.

Tawa da nake amfani da ita yanzu batir 18650 biyu ne gefe da gefe, allon caji ɗaya, makunnin tsohuwar tocila, ƙwai goma kowanne da rasistansa om 47, duk a cikin robar man shafawa da na huda wa ramuka a gefe don iska. Ƙwai goma miliamp 200 suke ja in batir na cike, tsofaffin batiran nan kuma ko sun rage ƙarfi suna kai ni dare biyu daga magariba zuwa sha ɗaya. Ranar da na kai wa Baban rediyo ya gani, ya buɗe ya ja wayoyin ɗaya bayan ɗaya, ya samu guda da na murɗa da hannu ban sa dalma ba ta zare, ya miƙo min ayan ya ce in zauna in gyara a gabansa.