Yadda za ka yi atisayen nahawun Turanci har ya zauna a bakinka

Ɗalibi zai iya haddace dokokin nahawun Turanci tun daga sakandare har ya shiga Jami'ar Usmanu Danfodiyo, amma da ya buɗe baki sai ka ji "Musa he came yesterday". Ba rashin ƙwaƙwalwa ba ne. Hausa ce ke aiki a ƙarƙashin jimlar, domin mu ba ma cewa "Musa zo", sai "Musa ya zo". Wannan "ya" ɗin ce ta bi shi cikin Turanci ta zama "he". Yawancin kurakuran Bahaushe haka suke, daga ginin Hausa suke fitowa, kuma ba su da yawa. Saboda haka kada ka ɗauki littafin nahawu daga bango zuwa bango. Gano inda Hausa ke ja maka baya, ka riƙa bin su ɗaya bayan ɗaya, kowace doka mako guda.

Kayan aikin ba su da tsada: littafin rubutu mai falle 60, biro biyu, shuɗi da ja, da wayar da ke ɗaukar murya. Raba kowane shafi gida uku. Gidan farko abin da ka rubuta, na biyu gyararriyar jimla, na uku dalilin gyaran, kuma da Hausa za ka rubuta dalilin. Idan ka kasa bayyana shi da Hausa, ba ka gane dokar ba tukuna. Wanda ya yi nahawun Larabci a zaure ya san wannan tarbiyya, don malami ba ya barin ka wuce kalma sai ka faɗi abin da ya sa ta ɗauki wasalin da ta ɗauka.

Minti 30 a rana sun isa, kuma bayan sallar asuba ya fi. A Sakkwato, musamman watannin Maris da Afrilu da zafi ke haura maki 40, karatun rana wahalar banza ce. Minti biyar ka karanta dokar, minti 15 ka rubuta jimla goma naka na kanka, sauran goman ka karanta su da ƙarfi kana ɗaukar muryarka. Jimlolin su zama na rayuwarka: kuɗin kabu-kabu daga Mabera zuwa babbar kasuwa, farashin albasa, abin da yayarka ta dafa jiya. Jimlar da ka kwafo daga littafi ba ta dawo maka lokacin da kake magana.

Fara da aikatau, nan ne aikin ya fi yawa. A Hausa wakilin suna ke ɗauke da lokaci: na tafi, ina tafiya, zan tafi, nakan tafi. A Turanci aikatau ɗin kansa ke sauya kama, shi ya sa ake jin "Yesterday I go". Ɗauki aikatau guda, ka juya shi da kalmomin lokaci uku: "Every day she sells onions", "Yesterday she sold onions", "She has sold all the onions". Masu bauɗaɗɗen hali irin su "go, went, gone" sun kai wajen 200, amma kada ka haddace su a jere. Zaɓi 50 da aka fi amfani da su, biyar a rana, kowanne cikin jimla. Ka kuma lura cewa da zarar "did" ta shigo, aikatau ya koma asalinsa: "Did you go?" ba "Did you went?" ba. Lokacin ya riga ya hau kan "did", ba a ɗora shi sau biyu.

Akwai wata matsala da ba ta ido ba ce, ta harshe ce. Kalmomin Hausa galibi da wasali suke ƙarewa, don haka bakinmu bai saba tara baƙaƙe a ƙarshen kalma ba. Sai mutum ya haɗiye "s" ta "works" da "ed" ta "asked", kuma abin da baki ya haɗiye hannu ma yakan manta da shi. Amfanin ɗaukar murya ke nan. Saurari kanka da biron ja a hannu, duk inda ba ka ji ƙarshen kalma ba ka yi mata alama, ka maimaita jimlar sau biyar a hankali.

Mako na gaba ka kama "ina". An koya mana cewa "ina tafiya" ita ce "I am going", sai muka ɗauka duk "ina" haka take. Daga nan "ina da mota" ta koma "I am having a car", "ina son ruwa" ta koma "I am wanting water". Aikatau na mallaka da sani da so, irin su "have", "know", "want" da "understand", ba sa ɗaukar "ing" a wannan ma'anar. Haka kuma "ina zaune a Runjin Sambo tun 2019" ba "I am living" ba ce, "I have lived in Runjin Sambo since 2019" ce. Ana sa "since" ga lokacin da abu ya fara, "for" ga tsawonsa: "for six years". Ɗaya dokar da ke tafiya da wannan: idan ka ambaci lokacin da ya wuce, kamar jiya ko bara, "have" ba ta shiga. "I saw him yesterday" kawai.

Ƙananan kalmomi sun fi cin rai. "Na sayi rago" daidai take a Hausa, amma Turanci ba ya barin suna tilo mai ƙirguwa tsirara: "I bought a ram". Idan ka sake ambatonsa, inda za ka ce "ragon", sai "the ram". Tsakanin "a" da "an" kuwa sauti ake bi, ba harafi ba: "an hour" amma "a university". Atisayen da ya fi aiki a nan shi ne ka kwafi sakin layi daga jarida ka bar gurbin duk "a", "an" da "the", ka ajiye shi kwana biyu, sannan ka cike ka gwada da na asali. Haka za ka yi wa "in", "on" da "at": "in Sokoto", "on Friday", "at four o'clock". Su "advice", "information", "furniture" da "equipment" ba su da jam'i, komai yawan jin da kake yi ana ƙara musu "s" a ofisoshi.

Tambaya mai korewa tana da tarko. In an ce "Didn't you come?" kuma ba ka zo ba, Bahaushe yakan ce "e", wato haka ne. A Turanci amsar "No, I didn't". Sami aboki ku riƙa jefa wa juna irin waɗannan guda goma da sauri. Sharaɗi ɗaya ne: mai gyara ya tsaya kan dokar makon kaɗai. In ya ja jan biro a kan komai, shafin zai cika da ja, ba za ka riƙe ko ɗaya ba.

Kuskure yakan dawo idan ba a bi shi ba. Duba gida na biyu na littafinka washegari, sai bayan kwana uku, sai bayan mako. Rufe gyararriyar jimlar da hannu ka sake gina ta da ka. Wanda ya sake kayar da kai sau uku, mayar da shi dokar mako mai zuwa. Kashe gyaran rubutu na waya lokacin atisaye, domin yana gyara maka ba tare da ka san ka yi kuskure ba.

Tsofaffin tambayoyin WAEC da NECO da JAMB na gwaji ne, ba na koyo ba, don zaɓen amsa daga jerin da aka ba ka ba ya koya maka gina jimla. Ware musu ranar Asabar. A JAMB tambayoyi 180 ne cikin awa biyu, wato daƙiƙa 40 ga kowace, don haka ka yi su da agogo a gabanka. Insha'in WAEC kuwa kalmomi wajen 450 ake so. Rubuta guda ɗaya duk mako biyu, ka karanta shi sau uku kafin ka kai wa malami: karo na farko kana duba aikatau kaɗai, na biyu "a" da "the", na uku wakilin sunan da ya maƙale a bayan suna.