Darasi na 9: Garmar ture dusar ƙanƙara a ƙaramar mota

Wannan darasi na 'yan uwanmu ne da ke zaune a ƙasashen sanyi, irin su Kanada da arewacin Amurka, inda mutum zai kwanta ya tashi ya ga dusar ƙanƙara ta toshe ƙofar gareji. A watan Nuwamba na 2014 dusar da ta zuba a wasu garuruwa kusa da birnin Buffalo na jihar New York ta kai wajen mita 2, to ka ga shebur kaɗai ba zai fid da mutum ba. Shi ya sa masu ƙananan motoci masu jan taya huɗu, kamar Jeep Wrangler ko Toyota Tacoma, suke ɗaura garma a gaba.

Ɗan uwa, kafin ka je kanti fara buɗe ƙofar direba. Akwai 'yar takarda manne a jikin ginshiƙin ƙofar, nemi inda aka rubuta GAWR, lambar gaba ita ce iyakar nauyin da tayoyin gaba za su ɗauka, kuma injin da kai kanka direba duk kuna cikin lissafin. Nan ne mutane suke kuskure wallahi, sai mutum ya hango katuwar garma ta burge shi ya saya, alhali ko a gona ba a ɗaura wa ɗan maraƙi garmar manyan shanu. Nauyi in ya yi yawa gaban mota zai durƙusa, safirin ya gaji, sitiyari ya yi tauri, birki ma ba zai kama yadda ka saba ba. Ƙaramar mota garma mara nauyi take so, wadda ba ta wuce kamar kilo 110 zuwa 140 ba, faɗinta mita 2 ko ɗan sama da haka. Amma fa ko an karkata ta gefe dole faɗin ya rufe sawun tayoyi, in ba haka ba kana turewa kana take dusa da tayarka. Kamfanoni irin su Fisher da Western da Meyer duk suna yin ƙanana, akwai ta ƙarfe akwai ta roba mai tauri, ta robar dusa ba ta cika manne mata ba kuma fuskarta ba ta tsatsa.

Wajen ɗaurawa, ƙarfen da ke riƙe garma a jikin shasi ake ɗaure shi, ba a bamba ba. Kowace mota da nata, har shekarar da aka ƙera ta sai ka faɗa wa mai kanti. Kar ka yarda wani ya ce zai yi maka walda kawai a wuce wurin. In ba ka da hannu a kanikanci ka kai wa bakanike, domin akwai haɗa wayoyin fitilu (garma tana tare fitilar mota idan an ɗaga ta, sai an sa nata a sama) ga famfon haidirolik da ke shan batir sosai, tsohon batir ba zai jure ba. Bayan aikin farko a sake bin notuna a ɗaure.

Sai a sa buhunan yashi a baya, bayan tayoyin baya, a ɗaure su da kyau don nauyi ya daidaita.

Kar ka jira dusa ta taru, in ta kai kamar santimita 10 fita ka ture, ƙaramar mota a hankali take cin aiki. Gudun turewa kar ya wuce kilomita 15 a awa, kuma ka tsaya cak kafin ka sa ribas saboda giyabos. A kan titi kuwa garma tana tare iskar lagireto, ido na kan allurar zafi, kar ka wuce kilomita 70 a awa. Tun kafin dusar farko ka kafa sanduna a bakin hanyar gida don ka san inda dakali yake, kuma ka tura tarin can nesa tunda wata dusar na zuwa a kai. Kar a tura wa titin gwamnati, garuruwa da yawa suna cin tara. Gishirin da ake zubawa a titi yana cin ƙarfe, a riƙa wanke garma da ƙasan mota.

Aikin gida: kwafo lambar GAWR ta gaban motarka a littafi, ka zo da ita aji na gaba mu yi lissafin tare.