Darasi na 9: Hanyar da ta kai kwal Manchester, ta kawo jirgi Kano

Jama'a yau karatunmu a kan hanya ne, kuma sai mun leƙa Ingila don a can aka fara manyan masana'antu. Ba wanda bai san wahalar kai kaya kasuwa da damina ba in hanya ta caɓe, to su ma Turawan haka suka yi fama, doki ne ke ɗaukar kwal a gadon baya kamar yadda jakinmu ke ɗaukar mangala, ɗan abin da zai ɗauko bai taka kara ya karya ba kuma kafin ya iso gari kuɗin dako ya cinye ribar.

Sai wani basarake, Duke na Bridgewater, mai ramukan kwal a Worsley, ya sa aka haƙa masa hanyar ruwa zuwa Manchester, wato kamar kogi amma da hannu aka yi shi. An buɗe ta a 1761. Ku dubi abin da kyau: dokin nan dai guda ɗaya, yana tafe a bakin ruwa an ɗaura masa igiya, yana jan kwale-kwale mai ɗauke da wajen tan 30! Nan da nan kuɗin kwal ya faɗi kusan rabi a Manchester, injin tururi kuwa kwal ne abincinsa, shi ya sa da injinan suka yawaita masaƙu suka cika garin. A 1830 kuma aka buɗe layin dogo zuwa Manchester daga Liverpool, inda jiragen ruwa ke sauke audugar Amurka.

Masu masaƙun nan ne fa suka ƙyalla ido kan audugarmu. Layin dogo ya iso Kano a 1911, aka kafa injin gurzar auduga a Zariya, Bature na jiran auduga, manomi kuwa ya yi nasa lissafin ya ga gyaɗa ta fi kuɗi, in yunwa ta zo ma ya ci abarsa. Asalin dalar gyaɗa ke nan da su Alhassan Ɗantata suka shahara a kai. Amma ku lura, layin nan bakin teku ya nufa, ɗanyen kaya yake kwashewa, babbar masaƙa ba mu gan ta a Kaduna ba sai 1957.

Aikin gida: kowa ya rubuta sunan hanyar da ake bi a kai amfanin gona kasuwa daga garinsu, da kuɗin dakon buhu ɗaya da rani da kuma da damina.