Ga waɗanda suka sauka Jamus kwanan nan: zaman jiran sakamakon feloshif

Assalamu alaikum 'yan uwa, musamman malaman jami'a da masu digirin dakta da suka sauka Jamus a 'yan makonnin nan, sannunku da hanya, sannu kuma da sanyi. Na san yanzu hankalinku yana kan neman ɗaki da yin Anmeldung, wato rajistar adireshinka a ofishin hukumar gari, cikin sati biyun da doka ta ce, da buɗe akawun a banki, duk wannan zai wuce in sha Allahu. Abun da nake so mu tattauna shi ne wanda ke zuwa bayan nan, wanda ni ba wanda ya zaunar dani ya faɗa min sai da na ɗanɗana da kaina, wato zaman jiran sakamakon feloshif, tallafin bincike ko na koyarwa da ka nema, alhali wanda ya kawo ka yana ta ƙarewa a hannunka.

Yawancinmu da kuɗin wata shida ko shekara ɗaya ko biyu muke zuwa. Kana ganin kamar lokaci ne mai yawa, wlh ba shi da yawa, domin masu ba da tallafin nan ba sa sauri ko kaɗan. Ɗauki misalin feloshif ɗin Marie Curie na Tarayyar Turai, wanda masu fosdok, wato masu bincike bayan gama dakta, da yawa ke hari, ana rufe karɓar takardu a watan Satumba amma sakamako sai wajen Fabrairu, sannan ko ka samu akwai sa hannun yarjejeniya tsakanin jami'ar da za ta karɓe ka da su kafin ka fara aiki, kaga an tafi wata bakwai takwas cikin sauƙi. Gidauniyar Humboldt da ke Bonn ita ma sai ta tura takardunka ga masana su karanta su rubuto ra'ayinsu sannan kwamiti ya zauna, kuma sau ƙalilan yake zama a shekara, in takardarka ba ta kammala kafin wannan zaman ba sai na gaba. DFG kuwa, gidauniyar tallafa wa bincike ta Jamus, ka sa ran wajen rabin shekara. To in kuɗinka na shekara ɗaya ne lissafin a fili yake, tun cikin wata na uku ko na huɗu da zuwanka ya kamata takardar neman na gaba ta bar hannunka. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Sannan akwai wani tarko da ke kama mutanenmu sosai, zamanka a ƙasar kansa yana rufe maka wasu ƙofofi. Marie Curie suna da ƙa'ida cewa kada ya zama ka zauna a ƙasar da kake neman zuwa fiye da wata 12 cikin wata 36 kafin ranar rufewa, ma'ana in ka haura shekara a Jamus to sai dai ka nemi mai masauki a Holan ko Beljiyam ko Faransa ko wata ƙasar. Shirye-shiryen DAAD, hukumar musayar ɗalibai da malamai ta Jamus, da yawa ba sa karɓar wanda ya wuce wata 15 a Jamus. Humboldt ma suna da tasu iyakar kan daɗewa a ƙasar kafin nema, kuma shirinsu na Georg Forster, wanda shi ne aka ware wa masu bincike daga ƙasashe irin namu, Najeriya da Nijar da Ghana da Kamaru duk suna ciki, yana duba shekarun da ka yi da gama dakta, ƙasa da huɗu ga masu fosdok, ƙasa da 12 ga waɗanda suka kwana biyu a harkar. Dan Allah a satin nan ka zauna da takarda da biro ka rubuta ranar da ka shigo, ka buɗe shafin kowanne ka karanta sharuɗɗan da idonka domin suna canzawa, kar ka dogara da abun da wani ya faɗa a guruf ɗin WhatsApp, har da wannan da nake rubuta maka.

Toh ka tura, yanzu sai jira. Ni abun da na koya shi ne ranar da za ka riƙe a ka ita ce wadda aka buga a jikin katin izinin zamanka. Ofishin baƙi, Ausländerbehörde, ba ruwansu da cewa kana jiran amsa daga wata gidauniya, takarda suke so su gani. Amma doka ta ba ka wata dama, in ka shigar da buƙatar sabuntawa kafin izininka ya ƙare to zamanka halal ne har su yanke hukunci, kuma suna ba da wata takardar wucin gadi da ake kira Fiktionsbescheinigung. Kalmar da za ka riƙe ita ce kafin. A manyan birane samun ranar ganawa kan ɗauki watanni, don haka wata biyu ko uku kafin ranar ka tura buƙatarka a rubuce, ta shafinsu ko ta imel ko ta gidan waya, ka ajiye shaidar cewa ka tura. In an baka takardar wucin gadin kuma kana son leƙawa gida, ka tambaye su ko irin wadda ake fita a dawo da ita ce, don ba duka ba ne, kar ka je Kano ko Yamai ganin iyali dawowa ta gagara. Wanda ya gama digirinsa a jami'ar Jamus yana da damar izinin neman aiki har wata 18, wannan babban sauƙi ne, amma sai ka nuna kana da abun da za ka ciyar da kanka da inshorar lafiya.

Maganar kuɗi kuwa, a nan ne na fi shan wuya. Akwai bambanci babba tsakanin Stipendium, wato kuɗin tallafi da ba albashi ba, da kwantiragin aiki duk da cewa duka yuro ne ke shigowa akawun a ƙarshen wata ko farkonsa. Mai kwantiragi ana cire masa haraji da kuɗin fansho da inshorar rashin aiki, in ya biya na wata 12 cikin wata 30 zai iya samun kuɗin rashin aiki idan kwantiragin ya ƙare matuƙar izinin zamansa ya ba shi damar aiki. Mai Stipendium ba a cire masa komai, yana ganin kuɗinsa cif, amma ranar da ya ƙare shi kenan ya ƙare, babu wani abu a bayansa, inshorar lafiya ma kai za ka ci gaba da biya daga aljihunka. Ni nawa ya ƙare a ƙarshen Maris, amsar da nake jira ta zo da cewa ina cikin jerin 'yan jiran tsammani, ba a ce eh ba ba a ce a'a ba, haka na yi wata uku ina cin abun da na tara ina biyan haya, kuma ban tara da yawa ba saboda kusan duk rarar gida nake turawa. Ban yi nadamar taimakon iyaye da ƙanne ba, Allah ya sani, amma da na sani da tun watan farko na ware kuɗin haya da abinci na wata uku na manta da su. Ka yi hakan malam, ko da za a ce ka yi rowa na ɗan lokaci.

Haya ma tana da nata lissafin. In kwantiragin gidanka irin wanda ba shi da ranar ƙarewa ne, notis ɗin wata uku za ka bayar, a rubuce a takarda da sa hannunka, saƙon waya ba ya wadatarwa. To kaga in sakamako zai fito Fabrairu kuɗinka kuma zai ƙare Maris, tun Disamba kana cikin tsaka mai wuya, ka ba da notis ka samu feloshif ka rasa gida, ko ka ƙi bayarwa ka rasa feloshif haya ta hau kanka. Abun da ya fi shi ne ka yi magana da mai gidan tun da wuri ko zai yarda ka kawo wanda zai gaje ka, da yawa suna yarda tunda masu neman ɗaki sun fi ɗakunan yawa. Kuma ka tabbatar sunanka na manne a akwatin wasiƙa, a ƙasar nan muhimman takardu ta gidan waya suke zuwa, in ba sunanka mai raba wasiƙu zai koma da su.

Waɗanda suka baro aiki a jami'o'in gida da hutun karatu, kar jiran nan ya sa ku yi shiru da shugaban sashenku. Ku rubuta neman ƙarin lokaci kafin hutun ya ƙare, ku faɗi gaskiyar inda ake ciki. Kujerar nan ta gida ita ce madogararka in komai ya ƙi, kuma komawa gida bayan ka gama abun da ya kawo ka ba faɗuwa ba ce, wasu tallafin ma sai kana zaune a gida za ka cancanci nemansu.

Game da tuntuɓar masu tallafin kuwa, in sun ce Fabrairu to kar ka dame su a Janairu, ba zai ƙara maka maki ba. Ka riƙa duba shafin da ka cike fom a ciki da kuma akwatin tarkacen imel sau ɗaya a rana ya isa. Wanda ya kamata ka riƙe da kyau shi ne farfesan da ya karɓe ka, ka faɗa masa ƙarara ranar da kuɗinka zai ƙare da ranar da izininka zai ƙare, mu muna da kunyar irin wannan maganar, muna ganin kamar roƙo ne, su kuma a wajensu bayani ne kawai na aiki, in ba ka faɗa ba zai ɗauka komai lafiya. Wani lokacin akwai ɗan ragowar kuɗi a wani aikin bincike da za a iya riƙe ka da shi wata biyu uku, ko a baka Lehrauftrag ka koyar da darasi ɗaya a zangon karatu, kuɗinsa kaɗan ne kuma da awa ake biya, sau da yawa sai zango ya ƙare, amma yana shiga takardunka a matsayin ka koyar a nan, masu harshe da adabin Hausa musamman su leƙa sassan nazarin Afirka irin na Hamburg. Sai dai ka fara tambaya ko izinin zamanka da sharuɗɗan tallafinka sun yarda. Kuma duk wanda ya turo maka saƙo wai ka ci feloshif amma ka biya kuɗi a saki takardarka, ɗan damfara ne.

Abu na ƙarshe da ba a cika faɗa ba shi ne nauyin da abun ke ɗora wa zuciya. Jiran nan yakan faɗo daidai tsakiyar hunturu, Disamba ƙarfe huɗu na yamma gari ya yi duhu, daga Kirsimeti zuwa sabuwar shekara jami'a tsit ba kowa, kai kaɗai a ɗaki da waya, kowane kira daga gida sai an ce ya ake ciki, an ji wani abu? Shi yasa nake ba da shawara kar ka sanar da duniya duk abun da ka nema, iyaye da mai ɗakinka ko maigidanki da aboki ɗaya sun isa su taya ka addu'a. Ka fita Juma'a ko coci ko da nisa, ka nemi 'yan uwanmu na Ghana da Nijar da Togo da ke garin, akwai su, ka ci tuwo da mutane. Kar kuma ka yi jiran gawon shanu a kan guda ɗaya, washegarin da ka tura ka buɗe na biyu, ka gama maƙalar da ke hannunka.

In amsa ta zo babu, ka ba kanka kwana biyu, sannan ka buɗe rahoton masu tantancewa. Na Marie Curie yana zuwa da maki a kan abu uku, ingancin binciken kashi 50, tasirinsa kashi 30, tsarin aiwatarwa kashi 20, da bayanin inda suka ga rauni a kowanne. Ka buga shi a takarda ka kai wa farfesanka ku zauna a kai layi-layi, Afrilu ko Mayu za a sake buɗewa.