Kafin ku biya kuɗin ɗaki a Accra

'Yan uwa masu shirin ƙaura, kada tsaftar gida da rani ta ruɗe ku. Ku sunkuya ku duba gindin katanga: in akwai zanen laka ko fenti ya kumbura har gwiwa, ruwa na shiga. Unguwannin bakin rafin Odaw, irin su Alajo da Circle, sukan sha ambaliya a Mayu da Yuni, don shara ta toshe kwatoci.

Ku koma bayan Isha'i. Fitilun titi na ci? Mai shayi na nan? A Nima ko Madina, ku gaida limamin layin, shi ya san inda ɓarayi ke fasawa.

Dokar haya ta 1963 ba ta yarda a karɓi fiye da kuɗin wata shida gaba ba, amma masu gida kan nemi na shekara biyu. Ko nawa kuka bayar, ku karɓi rasit.