Yadda Ake Zaɓen Girman Ɗakin Tafi-da-gidanka Don Doguwar Tafiya a Birtaniya

Da farko, ka duba takardun motar da za ta ja ɗakin (wato ɗakin kwana mai tayoyi da ake ɗaurawa a bayan mota), ka ga iyakar nauyin da kamfanin da ya ƙera ta ya amince ta ja. Shawarar da ake ba sabon shiga ita ce, nauyin ɗakin da kayansa duka kada ya wuce kashi 85 cikin ɗari na nauyin motar ba kaya, domin idan ya rinjaye ta, yakan fara lilo a babban titi da zarar babbar mota ta gifta da iska.

Daga nan sai ka auna tsawo da faɗi, domin doka ba ta yarda ɗakin da mota ke ja ya wuce mita 7 a tsawo da mita 2.55 a faɗi ba, muddin nauyin motar bai haura kilo 3,500 ba.

Sannan ka ƙirga masu tafiya, ka shiga ɗakin ka miƙe a kan gadon da kanka. Gadon da sai an naɗe kujeru kullum da dare kafin a shimfiɗa shi yana gundura a tafiyar makonni, gara mai gado kafaffe ko da ya ɗan fi tsawo.