Kurakuran da masu kwale-kwale ke yi wajen ceton wanda ruwa ya ci

Daga marka zuwa ƙarshen damina, lokacin da Kogin Gongola ya cika ya batse, masu fito a Nafada da masunta a madatsar ruwa ta Dadin Kowa su ne jami'an ceto na farko, ko sun so ko ba su so ba. Kafin a sanar da hukumar agajin gaggawa ta jiha, kafin mota ta taso daga cikin garin Gombe, mai rabon kwana ya fita, wanda zai tafi ya tafi. Mutanen nan sun san ruwa, kuma ba ragwaye ba ne. Abin da ke damuna shi ne, ba kowa a cikinsu ya san cewa lokacin isowar mai ceto yana cikin lokutan da suka fi haɗari ba.

Matuƙan jiragen ceto da ke aiki a Bahar Rum, tsakanin Libiya da Italiya, da rayukan mutane aka koya musu wannan darasi. A daren 18 ga Afrilun 2015, wani jirgin kamun kifi maƙare da 'yan ci-rani ya nemi agaji, aka tura masa jirgin dakon kaya mai suna King Jacob. Isowarsa ke da wuya, ƙaramin jirgin ya yi karo da shi ya kife. Mutum 28 kacal suka tsira, an ƙiyasta aƙalla 800 suka halaka. A ranar 5 ga Agustan wannan shekarar, jirgin sojan ruwan ƙasar Ailan ya je ceton wani jirgin, mutanen ciki suna hango masu ceto suka yi gefe guda, ya juye da su. Shi ya sa jiragen agaji irin su Ocean Viking na ƙungiyar SOS Méditerranée ba sa matsawa da babban jirginsu. Kyaftin yana tsayawa daga nesa, ya sauke ƙananan jirage, su lallaɓa a hankali. Teku daban, Gongola daban, amma firgicin ɗan Adam iri ɗaya ne, kuma kwale-kwale ya fi waɗancan jiragen saurin karkata.

Babban kuskuren da aka fi yi shi ne matuƙi ya taka inji ya nufi gefen jirgin da ke shan ruwa. Abu biyu ke biyo baya. Igiyar ruwan da injinka ya tayar za ta afka cikin jirgin da dama bakinsa ya kusa daidai da ruwa. Sannan duk wanda ke ciki zai miƙe ya yi wajenka, nauyi ya taru a gefe guda. Jirgin da zai iya ƙara minti goma yana shawagi sai ya kife nan take. Ka rage gudu tun daga nesa. Ka tsaya inda muryarka za ta kai amma hannunsu ba zai kai ba. In kun zo da jirage biyu, ɗaya ya bi ta dama ɗaya ta hagu, don hankalin mutane ya rabu. In kai kaɗai ne, ka tunkare su ta baya ko ta goshi.

Kuma mutum ɗaya ne zai yi magana. A jiragen agaji na Bahar Rum akwai wanda aikinsa ke nan, ya iya harsunan mutanen, shi ke fara buɗe baki, sauran ma'aikata su yi shiru. Mu kuwa matuƙi na ihu, yaron jirgi na ihu, na bakin gaɓa na ihu, wanda ke cikin masifa ba ya jin ko ɗaya. A zaɓi mai kaurin murya da sanyin zuciya, ya tsaya inda kowa zai gan shi: "Jama'a, kowa ya zauna inda yake. Baba, don Allah kada ka miƙe. Iya, riƙe yaron nan da kyau, ke za mu fara ɗauka. Ba wanda za mu bari." Wannan kalma ta ƙarshe ita ke zaunar da mutane, domin abin da ke sa su rububi shi ne tsoron a cika a tafi a bar su. In akwai wanda Fulatanci ko Teranci ko Bolanci ya fi shiga kunnensa, a maimaita masa da harshensa.

Daga nan sai kuskuren gaggawar kwasar mutane kafin a ba su abin da zai riƙe su a saman ruwa. Ƙa'idar masu ceto a teku ita ce, sai kowa ya sa rigar kariya kafin a ɗauki mutum na farko, domin in jirgin ya kife ana tsakiyar kwasa, ba wanda zai nutse. Na san masu fito ƙalilan ne ke da rigunan nan da yawa, duk da cewa hukumar NIWA mai kula da hanyoyin ruwa na cikin gida ta wajabta su, kamar yadda ta hana tafiyar dare. Amma ba gidan da babu jarka. Jarka mai lita 25, babu komai a ciki, an ɗaure murfinta tamau, tana iya ɗaga nauyin da ya haura kilo 20 a ruwa, kuma wannan ya isa ya riƙe kan babban mutum a sama. Masunta sun daɗe suna hawa gora, dabarar ɗaya ce. A ɗaura wa kowace jarka igiya a hannunta yadda za a samu wurin kamawa, a jera biyar ko shida a jirgi, su zauna can dindindin. Ranar da ake buƙatarsu ba ranar neman su ba ce.

In jirgin ya riga ya kife, a ce wa mutane su kama jikinsa. Kwale-kwalen katako yawanci ba ya nutsewa gaba ɗaya, kuma gaɓar da ido ke gani kusa ta fi haka nisa ga mai iyo da kaya a jiki.

Sai kuskuren da ya fi cin jarumai, wato faɗawa ruwa. Hausawa sun ce wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa zai kama. Wuyanka zai kama, ya hau kanka, ba da mugunta ba, iska yake nema. Yaro ɗan shekara goma sha biyu a firgice yana iya danne ƙaton da ya iya iyo, shi ya sa ake yawan jin an fito da gawa biyu, ta wanda ya faɗa da ta wanda ya bi shi. Ka fara da miƙa masa gwangwala ko filafili, kana zaune ko kana kwance a jirgi don kada ya fizgo ka. In bai kai ba, ka jefa jarka mai igiya, ka jefa ta ta wuce shi kaɗan sannan ka janyo ta zo masa. In wannan ma bai yiwu ba, ka matsa da jirgi. Shiga ruwa shi ne na ƙarshe, kuma ko shi sai ka tuɓe riga mai nauyi, ka tafi da jarka a gabanka, ita za ka miƙa masa, ba hannunka ba. Ka kuma tuna mai nutsewa da gaske ba ya iya ihu. Wanda ke kururuwa yana da sauran numfashi. Wanda ya yi tsit, kansa ya koma baya, bakinsa na shiga ruwa yana fitowa, shi za a fara jefa wa jarka.

Wajen matsawa da jirgi ma ana kuskure. In ka biyo ruwa daga sama, ruwan zai tura ka ka bi ta kansa. Ka zagayo ta ƙasa, ka fuskanci inda ruwa ke zuwa, a nan jirgi ke jin maganarka. A cikin madatsar Dadin Kowa, inda ruwa ba ya gudu sosai, iska za ka fuskanta. Da zarar mutum ya zo kusa, a kashe inji, domin farfela tana datse ƙafa. Kada a jawo shi ta gefe mutum uku sun sunkuya wuri ɗaya. A jawo shi ta baya ko ta goshi, sauran su zauna ɗaya gefen su daidaita nauyi.

Tausayi kuma yana sa a cika jirgin ceto fiye da ƙima. Dokar teku ta duniya ta 1982 ta wajabta wa kowane kyaftin ya taimaki wanda ya samu cikin haɗari, amma ta gindaya sharaɗin kada ya jefa jirginsa da mutanensa cikin mummunan haɗari. In jirginka na mutum goma ne, ka ɗauki goma, ka bar wa sauran jarkoki, ka faɗa musu za ka dawo, ka kuma dawo.

Akwai abin da ba a cika lura da shi ba: ƙirga. Ɗan fito yana ƙirga kuɗi, ba ya ƙirga kai, goyo kuwa ba ya biyan kuɗin fito, don haka ba ya cikin lissafi. Sai an fito gaɓa hankali ya ɗan kwanta, wata uwa ta shafa bayanta ta ji wayam. A ƙirga kowa kafin a tashi, har jarirai, a sake ƙirgawa bayan ceto. In wani ya nutse ana kallo, mutum ɗaya ya kafe ido a wurin yana nunawa da hannu, kada a ba shi wani aiki. A kuma daidaita wurin da abu biyu da ba sa motsi, kamar bishiya da ƙarfen sabis, domin ruwa ba ya ajiye alama. Wani kuma ya kira lambar agajin gaggawa ta 112 ko Sarkin Ruwa tun da farko, kada kowa ya ɗauka wani ya kira.

A bakin gaɓa ake ɓata abin da aka sha wuya aka samu. Mun saba a kife mutum, ko a ɗaga ƙafafunsa sama, ko a danna masa ciki wai ruwa ya fita. Ruwan da ke fitowa na tumbi ne, yana fitowa da amai ya koma huhu, kuma mintocin da ƙwaƙwalwa ke jiran iska suna tafiya a banza. A kwantar da shi rigingine a ƙasa mai tauri, a ɗaga haɓarsa, a duba ko yana numfashi. In ba ya yi, a toshe hancinsa a hura masa iska a baki sau 5, ana ganin ƙirji na tashi. Sannan a danna tsakiyar ƙirji sau 30, da ƙarfi da sauri, kamar sau 100 zuwa 120 a minti, a hura sau 2, a ci gaba haka ana karɓar juna. Ƙaramin yaro hannu ɗaya, jariri yatsu biyu. Ina roƙon kada kunya ta sa a tsaya neman mace don wadda aka fito da ita mace ce. In akwai mace kusa da ta iya, madalla. In babu, lalura ce, rai ake ceto.

In yana numfashi, a kwantar da shi ta gefe, a cire jiƙaƙƙun kaya, a lulluɓe shi, jama'a su ja baya. Ko ya tashi zaune ya ce lafiyarsa ƙalau, a kai shi asibiti mafi kusa, domin ruwan da ya taɓa huhu yana iya tsananta numfashi bayan 'yan sa'o'i. Tari da ba ya tsayawa, haki, kumfa a baki, yawan barci ko ruɗewa, duk alamu ne na kada a kwana da shi a gida. In an je, a faɗa wa ma'aikacin lafiya kimanin tsawon lokacin da ya yi a ruwa, da ko sai da aka hura masa iska kafin ya farfaɗo.